Ranar da Babur Ya Ƙi Mutuwa a Tafashiya

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ɗaura auren ƙanin matata a Tafashiya ba. Ko da ma na so in manta, mutanen Kankiya sun ɗauki nauyin tuna mini, kyauta, safe da yamma.

Ni dillalin babura ne, na hannu. Shekara goma sha bakwai ina wannan sana'a a bakin titin Kano zuwa Katsina, kuma ba wanda ya ɗora ni a kai. Da facin taya na fara, na koma sayar da kayan keke, daga nan na shiga babura. In babur ya wuce ta gaban rumfata, daga ƙararsa kawai zan gaya maka ko mai shi yana canza baƙin mai a kan lokaci ko sai ya ga dama. Mutane suna ce mini Alhaji (ban je ba tukuna, amma a garinmu dillali in ya yi tumbi ya sa hula mai kyau, an gama magana). Na faɗi duk wannan ne don ka san ba wawa ne ya yi abin da zan ba ka labari ba. Mai wayo ne ya yi shi, kuma nan ne abin ya fi muni.

Surukina malami ne a Kusada. Ba na kama sunansa, Baba Malam muke cewa. Yana da makaranta a ƙofar gidansa, yana da gona a fadama inda yake noman rani. Shekara tara ina auren 'yarsa Hajara, kuma duk maganar da ta taɓa shiga tsakanina da shi ba ta wuce gaisuwa ba. In na je sai in cire takalmi tun daga nesa, in durƙusa, in ce, "Allah gafarta Malam, an wuni lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau. Ya mutanen gida?" Ya koma kan littafinsa. Za ka ce ai kunyar surukai ce, haka kowa yake yi. Haka ne. Amma ni na san akwai wani abu a ƙarƙashin kunyar. Hajara ta taɓa yin suɓutar baki ta gaya mini cewa lokacin da na je neman aurenta, tambaya ɗaya tak ya yi a kaina: "In shina saida abu, yakan faɗi aibinsa?" Kawunta ne ya rufa mini asiri ya ce ina faɗa. (Allah ya jiƙan kawu. Bai taɓa sayen komai a hannuna ba.)

Sai ga shi wata damina Hajara ta dawo daga Kusada da saƙo.

"Baban Ummi, Baba ya ce in ka samu babur mai iya hanyar fadama ka nemo mashi. Ƙafafunsa sun fara gajiya da rairayin nan."

"Shi da bakinsa ya ce ni?"

"Shi da bakinsa."

Shekara tara! Karon farko ke nan da ya nemi wani abu ta hannuna. Na ƙudura a raina cewa babur ɗin da zan kai masa, sai ya ɗago kai daga littafi ya dube ni.

A makon nan kuwa na sayo wani a gwanjon kayan wani tsohon shirin aikin gona a Katsina. Irin na daji ne, wanda muke ce wa na malaman gona: dogayen ƙafafu, taya mai haƙora, salansa, wato bututun hayaƙi, a ɗage can sama, ba ruwansa da laka ko rairayi. Ya shekara biyu a sito da tsohon fetur a cikinsa. Makullinsa ya ɓace tun can, wani ya haɗa wayoyin kai-tsaye, kana buga kik ya tashi, shi ke nan. Ka riƙe wannan maganar ta makulli. Ni ban riƙe ta ba.

Ciwonsa ɗaya ne, ba ya silo. Silo shi ne injin ya zauna yana bugawa a hankali shi kaɗai, hannunka ba ya kan totur. Wannan kuwa in ka ja cok, ɗan ƙarfen nan da ke ƙara wa injin mai, ya tashi, in ka mayar da cok ya mutu. Muddin kana murɗa totur yana raye, da ka saki sai ya yi tari biyu ya ɗauke. Kwana uku ina zagaya gari a kansa, duk inda na tsaya sai in saki totur, ya mutu da kansa, in sauka. Ban taɓa tambayar kaina yadda ake kashe shi ba, tunda kullum shi yake riga ni.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kai shi wajen Lawal, bakaniken da yake duba mini kaya. Lawal mutum ne mai ba ni haushi, don ba ya gaggawa kuma ba ya kuskure. Ya tayar da shi, ya kasa kunne, ya danna wata roba da yatsa, ƙarar ta canza, ya saki, ta koma.

"Alhaji, ciwo biyu gare shi. Ƙaramin jet ɗin kafireto, wanda ke ba injin mai in shina silo, tsohon fetur ya daskare ciki ya toshe shi. Sai an jiƙa shi ya kwana, a hura da iska. Na biyu, robar nan da ta haɗa kafireto da injin ta tsage, iska take sha. Ita sai an aika Kano. Ka bar mani shi zuwa Litinin, in sa mashi makulli gaba ɗaya."

"Gobe nike son shi."

"Gobe ba ta yiwuwa."

"Jet ɗin nan ba rami ba ne? A zura waya a buɗe mana."

"Ramin nan auna shi aka yi, Alhaji. In ka zura mashi waya, za ka buɗe abin da ba ka iya rufewa."

Na ce, "Lawal, tun kana wanke sifana nike taɓa injin." (Ƙarya ce. Ya girme ni da shekara huɗu.) Ya goge hannu da tsumma ya ce Allah ya ba da sa'a.

Abin da ya sa nake gaggawa shi ne ɗaurin auren nan na washegari. Ruwa ya ɓata hanya, motoci ba sa kaiwa ƙofar gidan uban amarya, don haka aka ɗora mini kawo goro da alawar dangin ango daga kasuwar Kankiya. Na riga na tsara komai a kaina. Zan iso a kan babur ɗin, in tsaya inda Baba Malam zai gan ni, in cire hannu, injin na bugawa a natse kamar agogo. Bayan an shafa fatiha in aika a gaya masa, ga shi nan, an samu.

Bayan la'asar na shimfiɗa buhu a tsakar gida na ciro kafireto. Na buɗe kofin ƙasa, tsohon fetur ya yi ja ya yi danƙo kamar maɗi. Jet biyu ne na tagulla, babba da ƙarami. Na ɗaga ƙaramin na auna rana, ban ga haske ba. Na zaro sili ɗaya daga tsohuwar wayar birki na zura, na zura, har ta ɓulla. Haske ya fito ɗan tsit. A nan ya kamata in tsaya. Amma ni a sana'ata ban taɓa ganin inda ƙarami ya fi babba ba. Na shiga ɗaki na ɗauko allura na hau murzawa.

"Baban Ummi, halan allurata ce wannan?"

"Aiki take yi."

"Lawal bai iya ba ne?"

"Lawal sanyin jiki gare shi."

Ta dube ni, ta dubi allurar, ta koma kan tukunyarta. Wannan shirun a gidansu ta gado shi.

Robar da ta tsage na naɗe ta da yankin tsohon tub ɗin keke. Saura sukuru biyu da ke jikin kafireto, na iska da na silo. Na iska, masu gyara ƙirga juyinsa suke yi, ni kuwa na murɗa shi yadda hannuna ya so. Na silo kuma, to, a nan zan faɗi abin da dillalai ba sa faɗa. In babur yana da ciwon silo kuma mai saye yana tafe, sai ka ɗuma injin tun kafin ya iso, ka ɗan murɗa wannan sukurun ciki, injin ya riƙa gudu sama da ƙa'ida. Ciwon yana nan daram, ƙara ce kawai ta rufe shi. Mai saye zai kai gida lafiya yana sa maka albarka, sai washegari da sanyin safiya zai fahimci abin da ya saya. Ba ni na ƙirƙiro ba, na tarar ana yi. Amma na iya. Tunda wannan na suruki ne, sai na murɗa masa har da ƙari.

Na buga kik. Ya tashi. Na mayar da cok, na saki totur, na naɗe hannu a ƙirji. Bai mutu ba! Na kira Hajara ta zo ta gani, ta ce, "To, Allah ya sa ya ɗore." Man da ke tanki ɗan kaɗan ne, ina cikin alwalar magariba ya shanye shi ya yi shiru. Na ce madalla. Ka ga, yau ma ya riga ni.

Da safe na cika tanki, na ɗaure buhun goro a baya, na sa farar babbar rigata ta shadda wadda ba ta fita sai da dalili. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta jiƙu sharkaf. Gaskiya babur ɗin ya yi abin kirki a hanya. Na wuce motoci biyu da suka kafe a laka, har da ɗaga musu hannu. Amma da injin ya ɗauki zafi sai na lura in na sassauta totur ƙarar ba ta saukowa, tana maƙale a sama, salansa kuma tana harbi jefi-jefi da baƙin hayaƙi. Mutum mai hankali zai tsaya ya duba. Ni na ce ƙarfi ne ya yi masa yawa.

Na makara. An gaji da jiran goro an fara. Jama'a sun cika inuwar darbejiya, tabarmi a shimfiɗe, takalma a jere. Kowa a ƙasar nan ya sani, in ka iso taro irin wannan a kan babur, tun daga nesa kake kashewa ka turo. Ga baburan mutane can jikin katanga, sun yi layi da ladabi. Ni da nake son a gan ni, sai da na kai tayar gaba bakin tabarma. Ga limamin garin a tsakiya, ga wakilin ango da waliyyin amarya a gabansa, ga Baba Malam a gefe da farin rawani, carbi a hannu.

Na ja kuloci, na cire giya, na saki totur.

Ba agogo ba ne ya fito, injin niƙa ne. Hannuna ya tafi inda makulli yake zama. Rami na taɓa.

Daidai lokacin wakilin ango yana neman auren. Na ga bakinsa yana motsi. Waliyyi ya amsa, shi ma bakinsa yana motsi. Liman ya ɗaga murya ya ce, "Shaidu, kun ji?" Daga baya mutane suka haɗa baki, "Ba mu ji ba!" Aure kuwa ba ya ɗauruwa in shaidu ba su ji ba. Sanƙiran da aka ɗauko don ya yi shela, mutumin da ake jin muryarsa daga wannan unguwa zuwa waccan, ya miƙe ya cika ƙirji, babur ya haɗiye shi. Ya juyo kaina.

"Alhaji! Markaɗe muka ce ka kawo ko goro? Kashe mana abin nan!"

Na rufe famfon mai. Ko gezau. Wani tsoho ya yi ihu ya ce sai ya shanye na cikin kofi tukuna, a ba shi minti biyar. Minti biyar! Na sunkuya na cafki hular fulogi da jiƙaƙƙen hannu. Wuta ta ja ni tun daga yatsa har ƙeya. Kalmar da ta fito daga bakina ta 'yan tasha ce. Mu Katsinawa an san mu da bakinmu, amma ko a Katsina akwai wurin da ba a faɗar ta, kuma gaban liman da suruki yana cikin wuraren. Abin mamaki, duk maganar da aka yi a ranar, ita kaɗai ce kowa ya ji.

Za ka ce me ya hana ka ja abinka ka bar wurin? Na yi niyya. Na ja shi da ƙafa na juya kansa waje, bayansa ya koma saitin tabarmi. Sai sanƙira ya rugo ya damƙe buhu.

"Ina za ka da goron mutane?"

Yana kwance robar da na ɗaure buhun da ita, ina tari da hayaƙi, sai na tuna dabara ta ƙarshe: ka sa giya, ka danne birki, ka saki kuloci, dole injin ya shaƙe. Dabarar tana aiki, amma da birkin baya ake yin ta. Ni gajere ne, babur ɗin dogo, ƙafar da zan taka birkin da ita tana ƙasa a kan 'yan yatsu. Sai na damƙi birkin gaba. Birkin gaba da totur hannu ɗaya ne, hannun babbar riga kuma ya naɗe su tare. Na saki kuloci.

Tayar gaba ta tsaya cak. Ta baya, mai haƙoran nan da nake alfahari da su, ta hau haƙar jiƙaƙƙiyar ƙasa tana watsawa baya kamar mai ban ruwa. Sanƙira ne ya fara samun rabonsa, tun daga hula har ƙafa. Daga shi sai sahun farko gaba ɗaya, liman da wakili da waliyyi da duk wani dattijon da aka girmama aka ce ya matso gaba. Buhu ya faɗi, goro ya bi laka.

Na ja kuloci. Injin yana nan yana ihu.

Sai na ga Baba Malam ya miƙe. Bai yi sauri ba. Ya nemi takalminsa ya sa. Laka ta ɗigo daga rawaninsa zuwa gemu, bai goge ba. Ya taho. Na so in sauka in durƙusa, amma in na saki babur faɗuwa zai yi. Don haka a karon farko cikin shekara tara, surukina yana tsaye a ƙasa, ni ina zaune a samansa ina kallon tsakiyar rawaninsa.

Ya sunkuya ya duba jikin injin, ya sa yatsa ɗaya ya ja cok.

Babur ya yi wani gurnani, ya ɗauke.

Injin da ya yi zafi, in ka ja masa cok mai ya yi masa yawa, mutuwa yake. Na san wannan tun ina facin taya. Duk manomin da ya taɓa riƙe injin ban ruwa ya san shi, Baba Malam kuwa ya shekara ashirin da nasa a fadama. Wuri ya yi tsit, har kukan kaji ake ji daga cikin gida. Don haka duk da a hankali ya yi magana, shaidu sun ji.

"Ka ƙara mashi silo."

Ba tambaya ba ce. Na ce, "Allah gafarta Malam... kaɗan."

Ya taɓa tub ɗin keken da na naɗe robar da shi. Ya dubi baƙin da ya taru a bakin salansa.

"Wanga ne nawa?"

"Shi ne, Allah gafarta Malam."

Ya gyaɗa kai. "To. In nawa ke nan, na mutane ya yake?"

Bai jira amsa ba. Ya koma ya cire takalmi ya zauna, ya ce wa liman a maimaita. Aka maimaita, aka shafa fatiha. Sanƙira ya miƙe da lakarsa ya yi shelar an ɗaura, ya ambaci ango da amarya da iyayensu, sannan ya ƙara da nasa: "Goro kuma Alhaji Silo ya kawo! Kowa ya wanke nashi kafin ya ci!"

Sunan ke nan har yau. Akwai waɗanda suke zaton a gida aka raɗa mini.

Da aka watse na buga kik har gumi ya jiƙa shadda, babur ya ƙi tashi. Fulogi ya yi baƙi ƙirin. Wanda ya ƙi mutuwa a gaban jama'a, yanzu ya mutu da gaske. A bayan akori-kura muka koma Kankiya ni da shi. Labari ya riga ni isa wajen Hajara, don mata sun leƙo ta katanga. Ba ta yi dariya a gabana ba, ta shige ɗaki ta ja labule, amma labule ba ya tare sauti.

Ranar Litinin na tura shi wajen Lawal. Ya ciro jet ɗin ya ɗaga ya auna rana, ya daɗe yana kallo.

"Alhaji, wanga ba jet ba ne kuma. Taga ce."

Ya aika Kano aka kawo sabo da sabuwar roba. Ya mayar da sukurun iska yana ƙirga juyi a bayyane, da ƙarfi, don in ji. Ya sauke silo inda ya kamata. Ya sa makulli.

Bayan mako ɗaya na kai shi Kusada. Tun daga bakin layi na kashe na tura, na jingine shi a inuwa, na zauna har ya huce sarai, sannan na yi sallama. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, sarƙarsa ta fara saki. Giya ta uku takan yi gardama. Fitilar baya ba tasa ba ce. Tanki an taɓa like shi ta ƙasa." Na yi ta lissafo aibi har da waɗanda Lawal bai gani ba. Tun da na fara sana'a ban taɓa kushe kaya irin na ranar ba, kuma bakina ɗaci yake yi.

Ya saurara har na gama. Ya tashi ya ɗora tafin hannu a kan injin don ya ji ko na ɗuma shi. Sanyi ƙalau. Ya buga kik da kansa, ya bar shi ya zauna yana bugawa a hankali. Ya murɗa makulli, ya mutu. Ya sake tayarwa, ya sake kashewa. Sannan ya dube ni, ido da ido, ya ce, "Madalla. Ya mutanen gida?" Ya koma kan littafinsa.

Ba zan ce maka na zama waliyyi ba. Abin da dai ya faru shi ne, yanzu duk wanda ya zo saye a rumfata, kafin ya gaishe ni sai ya fara taɓa injin ya ji ko da ɗumi, sannan ya leƙa sukurun silo. Sirrin da dillalai suka shekara suna ɓoyo, ni na koyar da shi ga gari guda a zama ɗaya, kuma abokan sana'a ba su yafe mini ba. Tunda ɓoyewar ba ta yiwuwa, sai na koma faɗar aibi da bakina, har mutane suka fara cewa Alhaji Silo mai gaskiya ne. Ina amsawa, ba na musu. Amma ni da Baba Malam mun san cewa gaskiyar nan tawa ba a makaranta na koye ta ba, a kan babur aka kama ni da ita. Yanzu kuma duk abin da aka kawo mini, ko rediyo ne, kafin in tambayi yadda ake kunna shi sai na ce a nuna mini inda ake kashewa.